Sawun Zabuwa a Ɗakin Saba

Shafin ya sake faɗuwa bayan cin abincin rana, kamar yadda ya yi jiya da shekaranjiya, kuma wannan karon Akanta ya rantse ba zai yarda a ce tsautsayi ne ba.

Kamfanin ba wani babba ba ne, 'yan ɗakuna ne a saman shagon wani tela. Sana'arsu ajiye muryoyi. Mutum ya ɗauki muryar kakarsa tana ba da labari, ko ta jaririnsa ranar da ya fara cewa baba, ya ɗora a shafinsu na intanet, dangi na nesa su buɗe su saurara. Shi ya sa idan shafin ya faɗi wayar ofis ba ta hutawa. Ranar ma wata mata ta bugo tana kuka, wai tana cikin jin mahaifinta da ya rasu sai maganar ta yanke a bakinsa.

Sai Maigida ya kira ƙanwar matarsa. A gida Auta ake ce mata, amma masu harkar kwamfuta Mai Sawu suka santa da shi, domin duk abin da ya ratsa cikin na'ura sai ta bi takunsa ta gano inda ya fito. Yayarta ce ta gina shafin nan da hannunta, ita ce kowa ke kira Anti, kuma tun da Anti ta rasu Auta ba ta ƙara hawa wannan bene ba. Ta hau a hankali, ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa kamar yadda ta saba tun tana yarinya. Wai ƙafarta ba ta iya tunani a cikin takalmi.

"Ba sai kin wahala ba," in ji Akanta tun kafin ta zauna. Gajere ne mai kumatu, irin mutanen da ke jin daɗin ɓacin rai idan na wani ne. "Mun san mai yi. Dogo ne, mai kula da shafin. Ya kayar, ya ɗaga, a ce ba a iya yi sai da shi. Da mabuɗinsa na sirri ake shiga na'urar, ni da idona na gani."

"Ina wuni dai tukuna," in ji Auta.

Maigida yana zaune a gefe ya zuba wa taga ido. Ya tsufa fiye da yadda ta bar shi, rigarsa ta yi masa yawa.

"Auta, ki duba mana," ya ce. "Na yi wa Akanta alkawari, idan aka tashi aiki yau ba a samu wani bayani ba, ya kira 'yan sanda. Ni dai zuciyata ba ta so, amma mutane amana suka ba mu."

Ta san abin da hakan ke nufi. A wannan sana'a idan aka ce ka taɓa kayar da shafi da gangan, ko kotu ta wanke ka ba mai ƙara ba ka mabuɗi har ka mutu.

*

Sakatariya ce ta fara tare ta a soron bene, tana magana ƙasa-ƙasa duk da babu kowa kusa.

"Ni fa ban yarda Dogo ba ne. Telan ƙasa nake zargi. Da ya jona dutsen gugarsa sai fitilata ta yi ƙyaf. Kuma sun taɓa cacar baki da Maigida a kan wurin ajiye babur."

Auta ta sauka. Shagon cike yake da ƙamshin sabon yadi da tururin guga. Telan ya saurare ta da allura a baki, sannan ya cire ta ya fashe da dariya.

"Ni? 'Yar'uwa, ni da wayata ma sai 'yata ta buɗe mini? Idan dutsen gugata ya kai nan, ai da na daina ɗinki na koma karɓar haraji a unguwa."

Ta sa shi ya jona dutsen, ta koma sama da gudu ta leƙa ƙaramin ɗakin da saba take, wato babbar na'urar da shafin ke zaune a kanta. Fitilar Sakatariya ta yi ƙyaf ɗinta, amma saba ko a jikinta, tana da batirinta. Auta ta duba ta ga ma na'urar ba ta taɓa mutuwa ba a duk kwanakin nan. Shafin ne kawai ke faɗuwa a cikinta, ita tana tsaye tana numfashi. Aka wanke tela, Sakatariya ta ɗan ji haushi don ta so a ce shi ne.

*

Dogo yana ɗakin baya, an ƙwace masa kwamfuta, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Tsayinsa ya sa ko a zaune kamar yana neman gafarar rufin ɗaki.

"Gaya mini abin da kake tararwa," in ji Auta.

"Akwai wani kunshin manhaja da muke aro, laburare muke ce masa, shi ke buɗe muryoyi," ya ce. "Wanda Anti ta sa ya tsufa, ba ya gane muryoyin sababbin wayoyi. Na kawo sabon samfuri, na gyara shafin ya dace da shi. Komai lafiya lau. To kullum bayan abincin rana sai in tarar tsohon ya dawo ya zauna a wurin sabon. Shafin ya kira shi da sabon yare, shi kuwa bai san wannan yaren ba, sai komai ya rushe. In mayar da sabon, shafi ya tashi. Gobe kuma haka."

"Wa ke dawo da tsohon?"

Ya sunkuyar da kai. "Mabuɗina."

"Kai ke nan?"

"Wallahi Anti Auta, ni ma na fara zargin kaina. Na ɗauka wani kuskure na yi wajen sabuntawar, yana maimaita kansa. Kunya ta hana ni faɗa, sai in lallaɓa in gyara, ina cewa gobe zan gano. Har Akanta ya riga ni magana."

"Ka taɓa ba wani mabuɗin?"

"Ko matata ba ta san shi ba."

"Kai ka ƙirƙire shi?"

"A'a. Na mai kula da saba ne. Na Anti ne, da ta rasu aka miƙa mini."

Auta ta dube shi. Idanunsa sun yi ja, na mutumin da ya daɗe yana faɗa da abin da ba ya gani. Tausayinsa ya kama ta, amma ba ta nuna ba, don ta sha ganin masu laifi da idanu jajaye.

Akanta ya leƙo ta ƙofa, bai iya haƙuri ba. "Ki tambaye shi me ya sa ranar da Maigida ya je ganin likitan ido shafin bai faɗi ba! Ai ba mai kallon bajintarsa ranar, shi ya sa."

"Ranar bai faɗi ba?" in ji Auta.

"Ko gezau!"

Ta yi masa godiya, har ya ji wani iri, don bai saba ba.

*

Ɗakin saba sanyi gare shi, da wani gunji mai laushi kamar ruwan sama a kan kwanon maƙwabta. Auta ta zauna a ƙasa, ta naɗe ƙafafu, ta ɗora kwamfutarta a cinya. 'Yan fitilu kore suna ƙiftawa a jikin na'urar. Tun tana ƙarama take son irin wannan wuri, inda mutum zai zauna har ya manta ko shi ne ke kallo ko shi ake kallo.

Duk wanda ya ratsa cikin na'ura yana barin sawu. Yawancin mutane suna duba sawun ne su ga me ya lalace. Ita kuwa tafiyar take dubawa, domin kowane mai rubuta manhaja da irin takunsa. Ta fara da na Dogo, ta gane shi nan take: dogon taku, kai tsaye, ba waiwaye. Ga shi nan kullum yana zuwa a guje bayan faɗuwa, ya mayar da sabon laburaren ya fita.

Sai ta koma baya kaɗan, kafin faɗuwar. A nan ta ga wani sawu daban. Da mabuɗi ɗaya aka shigo, amma tafiyar ba ta Dogo ba ce. Wannan mai taku ya leƙa ya ga wane laburare ke nan, ya cire shi, ya sa tsohon, ya kama hanyar fita, sannan ya dawo ya sake leƙawa ko ya zauna daidai. Ya fita, ya kuma dawowa.

Mutum ɗaya ta sani a duniya mai wannan hali. Anti ba ta taɓa kulle ƙofa ta tafi ba sai ta dawo ta girgiza kwaɗon, ta yi 'yan taku ta sake dawowa, har Auta ta riƙa yi mata tsiya wai kwaɗon gidansu ya fi kowa shan gaisuwa.

Ta duba sunan abin da ke wannan tafiya. Wata 'yar ƙaramar manhaja ce, sunanta zabuwa. Anti ba ta sa wa aikinta suna sai na tsuntsu, akwai kurciya, akwai shamuwa, akwai wata mai yawan ƙara da ta sa wa aku.

Auta ta jingina da bango ta rufe ido. A cikin gunjin nan sai ta ga kamar yayarta ce ke shigowa kullum da tsakar rana, da mayafinta a kafaɗa da kofin shayi a hannu, ta tarar an canza mata kayan ɗaki, ta yi tsaki ta mayar da su yadda ta bar su. Har ta ji kamar ƙamshin man da take shafawa. Ta daɗe a haka, ba ta so ta buɗe ido, domin tun rasuwar ba ta taɓa jin ta kusa kamar yanzu ba.

Amma manhaja ba ta tashi da kanta, sai an taɓa ta. Ta share fuska ta ci gaba da bin sawun. Daga cikin ofishin nan ake tayar da zabuwar, daga wata tsohuwar kwamfuta da har yanzu mabuɗin Anti ke maƙale a jikinta. Kuma da zarar tsohon laburaren ya zauna, kafin shafin ya kife, ana buɗe murya guda. Kullum ita ce, wadda ta fi kowace murya tsufa a ma'ajiyar.

*

Ta sami Sakatariya tana goge waya da bakin mayafi.

"Me Yaya ke yi bayan abincin rana?"

"Maigida? Rufe ƙofa yake ya ce a bar shi ya ɗan kishingiɗa. Ba mai damunsa, ko shafin ya faɗi sai ya fito muke gaya masa." Ta ɗan yi murmushi. "Amma ni ban yarda barci yake ba. Yana fitowa da shatin abin sauraro a kunnuwansa, hularsa a karkace. Wataran ma ina jin yana dariya shi kaɗai. Na ce ko rediyo yake ji."

Auta ta tsaya a soron tana kallon ƙofar ɗakinsa. Ta gano, kuma ba ta ji daɗin ganowar ba ko kaɗan. Idan ta yi shiru, Dogo zai sauka benen nan tsakanin 'yan sanda. Idan ta yi magana, za ta kwance wa dattijo zani a gaban ma'aikatansa, ta kuma taɓa abu ɗaya da ya rage masa. Ta so ta same shi shi kaɗai. Sai dai a gaban kowa aka ɓata sunan Dogo, a gaban kowa ya kamata a wanke shi.

"Kira mini su duka," ta ce. "Ofishin Yaya. Ki ba Dogo kwamfutarsa."

*

Rana ta karkata, haskenta ya shigo ta labule ya kwanta a kan tebur. Akanta ya zauna da wayarsa a hannu, a shirye. Dogo ya tsaya a jikin bango. Sakatariya ta bar ƙofa a buɗe don ta ji wayar ofis.

"Ba tela ba ne," in ji Auta. "Ba kuma wani daga waje ba ne. Mabuɗin da Akanta ya gani gaskiya ne, amma hannu biyu ke riƙe da shi. Ɗaya yana gyarawa, kuma shi ne Dogo."

"To ɗayan fa?" in ji Akanta.

Ta juya ga mijin yayarta, ta sassauta murya. "Yaya, don Allah nuna mini yadda kake sauraron Anti."

Ya dube ta, kunya ta rufe shi kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ya cire tabarau ya mayar.

"Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini. Sawunta na gani."

Ya jawo tsohuwar kwamfutar. "Ba wani abu ba ne fa. Muryar da ta fara ɗauka ce ranar da ta gama shafin. Kullum nakan ji bayan na ci abinci, lokacin da muke zama mu sha shayi. To kwanakin baya sai ta ƙi buɗuwa. Na ji nauyin in ce wa yaran nan ga abin da tsoho ke yi a ɓoye. Sai na tuna ta taɓa ce mini, duk ranar da murya ta ƙi buɗuwa in danna wannan." Ya nuna wani ɗan hoton zabuwa a kusurwar fuskar kwamfutar. "Na danna, ta buɗu. Shi ke nan. Mene ne haɗinsa da wannan magana?"

"Dogo, ka shirya," in ji Auta. "Yaya, danna."

Ya danna. Ɗakin ya yi tsit, ana jin keken telan ƙasa yana tafiya. Can sai wayar ofis ta ɗauki ƙara. Kafin Sakatariya ta kai gare ta, wayar hannunta ma ta fara.

"Ya faɗi," in ji Dogo a hankali, yana kallon kwamfutarsa.

Maigida ya dubi zabuwar, ya dubi ƙofa inda wayar ke kuka, ya dubi yatsansa. Auta ta ga lokacin da abin ya isa zuciyarsa, kuma da tana da iko da ta kawar da kai.

"Anti ta rubuta ta ne tun lokacin da tsohon laburaren shi ne daidai," ta ce. "Aikinta ta mayar da komai yadda ta bar shi. Ba ta san an sabunta ba. Muryar Anti da tsohon take buɗuwa, shafin kuma yanzu da sabon yake tsayawa, su biyun ba sa zama wuri ɗaya."

"Ni ne ke nan," in ji Maigida. "Matar nan da mahaifinta ya yanke a tsakiyar magana, ni ne." Ya miƙe da ƙyar ya nufi Dogo, ya kama hannunsa da hannu biyu. "Ɗana, ka yafe mini. Saura ƙiris in ɓata maka rayuwa ina zaune ina kallon taga."

"Ba komai, Baba," in ji Dogo. "Da ni ma na buɗe baki tun farko, da ba a kai nan ba."

Akanta ya zura wayarsa a aljihu. "Ni dama na ce a yi bincike," ya ce. Sakatariya ta yi masa wani kallo, ya ƙara da cewa, "Dogo, ka yi haƙuri," cikin muryar mai haɗiyar magani.

Maigida ya koma kujerarsa. "A goge ta," ya ce. "Zabuwar da muryar duka, idan sai an yi haka. Ba zan riƙa yanke wa mutane iyayensu don in ji matata ba."

"Ba abin da za a goge sai zabuwar," in ji Auta. "Muryar juya ta za mu yi zuwa irin wadda sabon ke ganewa, da duk sauran tsofaffin muryoyin da suka maƙale ba a sani ba. Aikin ɗan lokaci ne. Da ka tambaya, Yaya, da tuni Dogo ya yi maka."

"Yanzu ma zan yi," in ji Dogo. "Sai dai dole in juya ta kafin in mayar da sabon. Baba, a buɗe ta in tabbata ita ce."

Maigida ya ɗauki abin sauraron, ya juya shi a hannu, sannan ya zare igiyarsa daga jikin kwamfutar don kowa ya ji. Ya dubi Auta. "Kin taɓa jin ta?"

Ta girgiza kai. Tun rasuwar ko saƙon muryar Anti da ke wayarta ba ta iya buɗewa ba.

Aka ji ɗan shuu, da ƙarar cokali a cikin kofi. Sai muryar ta cika ɗakin, da 'yar dishewar nan tata, kamar yanzu ta shigo daga waje.

"Gwaji, gwaji. Ana ji na? To idan ana ji na, shafi ya tashi ke nan, a yi mini tafi. Kai Malam, shayinka ya huce, kana can kana kallon taga." Sai dariya, tata da ta wani namiji daga nesa. "Me kuma zan ce? Ba ni da labari. Auta! Ke Auta, sauko daga kan teburin nan. Kuma don Allah ki je ki sa takalminki, ƙasan nan da sanyi, kar ki ja mini mura."

Muryar ta ƙare. A waje wayar ofis tana ta ƙara, Sakatariya ta fita da sauri tana goge ido, aka ji tana cewa a yi haƙuri, yanzun nan zai dawo. Dogo ya sunkuya kan kwamfutarsa, yatsunsa suka fara aiki.

Auta ta dubi ƙafafunta a kan simintin. Da sanyi kuwa, ba ta lura ba sai yanzu. Ta tashi ta je bakin ƙofa, ta sa takalmanta, ta dawo ta ja kujera kusa da mijin yayarta.

"Yaya," ta ce, "idan Dogo ya gama, ka sake sa mana."